Rasuwar Mai Gaskiya, Monitar Gyaran Launi ta Ƙanƙara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko in ce abin da ya rage na zuciyar, ni Yahya Mani, mai gyaran launin bidiyo a bayan tashar Ƙanƙara, nake sanar da 'yan uwa, abokan sana'a, da masu ɗaukar biki na Faskari da Sabuwa, rasuwar monitata, wato allon da nake duba hoto a kansa, wadda aka fi sani da Mai Gaskiya. Ta cika ranar Alhamis ta makon jiya da hantsi, a kan teburin da ta shekara tara a kai. Ban yi kuka ba. Na zare wayar wuta, na naɗe, na koma na zauna.

Ga wanda bai san aikinmu ba, kyamarorin yanzu ɗanyen hoto suke ɗauka, fari-fari, kamar an wanke shi da toka. Mu ake kawo wa mu mayar wa kowa da launinsa: baƙi ya koma baƙi, wankan tarwaɗa ya koma wankan tarwaɗa, lallen amarya ya yi ja yadda aka ƙunsa shi. Kowace waya da kowace talabijin da irin ƙaryar da take yi a kan launi, shi ya sa mai wannan sana'a yake ajiye monita guda wadda ba ta ƙarya. Abin da ta nuna shi ne hukunci. Wannan ce kujerar marigayiya.

Ta zo mini daga Kaduna a hannu na biyu, cikin kwali, an naɗe ta da bargo. Mai nutsuwa ce. In an kunna ta sai ta ce "ƙyas," sannan ta yi wani siririn "ziii," kuma ba ta yarda a tambaye ta komai sai ta yi rabin awa tana ɗumama jiki. Ba ta ƙara wa kowa haske don ya ji daɗi. Akwai angon da ya nemi a fito da shi fari tas, ta nuna mana shi yadda Allah ya yi shi, ya yi fushi ya tafi, bayan sati ya dawo ya karɓi kayansa. Don ita na shafa wa bangon shago fenti ruwan toka, na rataya baƙin labule. Matata Saudatu ta ce ko ɗakin jinya ya fi shagon nan fara'a.

Ta bar kwamfuta guda mai katin sarrafa hoto da fankarsa ke minshari. Ta bar faifan ajiya huɗu, ɗaya ba ya tashi sai an lallaɓa shi. Ta bar allon ƙwallaye uku da nake murzawa, ɗaya na duhu, ɗaya na tsakiya, ɗaya na haske, yanzu ba su da wanda za su murza wa. Ta kuma bar wata 'yar na'urar awo da ke cikin aljihun tebur, kuma a kanta ne nake da magana.

Ƙa'idar aiki ita ce duk bayan 'yan watanni a rataya wannan na'ura a fuskar monita, ta auna ja da kore da shuɗi, a daidaita abin da ya kauce. Na yi hakan a shekarun farko. Daga baya sai abin ya fara yi mini nauyi. A gidanmu ba a sa dattijo ya maimaita karatu don a ji ko ya manta. Na ga kamar raini ne in riƙa auna wadda ta koya mini gani. Sai na jefa na'urar a aljihun tebur, na shekara huɗu ban taɓa ta ba.

A cikin waɗannan shekaru ciwon ya shige ta, sannu a hankali, ba tari ba atishawa. Fitilar cikinta ta dushe, farinta ya karkata zuwa ja-ja. Ni kuma idona yana tsufa tare da ita, ban lura ba. Ta nuna mini fuska da duhu, in ƙara haske. Ta nuna mini ja ya yi yawa, in rage ja. A wurinta komai daidai. A wayoyin mutane kuwa, fuskoki sun koɗe sun yi kore-kore. Shamsu mai ɗaukar biki a Faskari ya faɗa mini ya fi sau biyar cewa amare suna fitowa kamar sun tashi daga zazzaɓi. Amsata ɗaya ce, wayarka ce. A cikin manhajar da nake aiki da ita akwai ma'aunin launi mai layin da fatar mutum ke bi, yana nuna mini na kauce, na rufe shi don ya cika surutu. Ina neman afuwar duk amaren da aka kai daga Yankara zuwa Sabuwa a shekaru biyun nan.

Aikinta na ƙarshe na Hajiya Suwaibatu ne ta Mabai. Ɗanta na fari, Barau, ya fita kai masara kasuwar Yankara bara, 'yan bindiga suka tare motarsu a hanya. Allah ya jiƙansa, shi kam addu'ar ta halatta a kansa. Wayarsa ta tafi tare da shi, hoton katin shaidarsa ya goge. Abin da ya rage bidiyon daƙiƙa arba'in ne da Shamsu ya ɗauka a wani bikin suna, Barau yana raba goro yana dariya, cikin ɗanyen hoton nan mai ruwan toka. Aka kawo mini in mayar masa da fuskarsa. Na yi kwana biyu a kai, na tura a wayar ƙanwarsa Sumayya.

Bayan sati uku Hajiya ta zo shagon da kanta, da wayar a ƙulle a bakin mayafi. Ba ta ambaci sunansa ba, ɗan fari ne.

"Ɗan nan, wanga ba shi ba ne," ta ce.

Na ce, "Hajiya, waya ce. Kowace waya da yadda take nunawa."

"To mi ya sa Sumayya in ta ɗauki ɗiyanta da wayar, su ke hitowa daidai? Yaron nan ko ranar da munka sallame shi bai yi wagga kala ba."

Da ta tafi na buɗe ma'aunin da na rufe, na ga fuskar Barau ta yi nesa da layin fata. Na ciro na'urar awo, na hure ƙura, na rataya wa Mai Gaskiya. Ta faɗi a ja, ta faɗi a haske, ko farin ma ba ta ci ba. Na yi ƙoƙarin daidaita ta, jiki ya riga ya ƙi. Kwana huɗu bayan nan na kunna ta, ta ce "ƙyas," ba ta kai ga "ziii" ba. Wani layi ya ratsa fuskarta daga sama zuwa ƙasa, shi ke nan.

Ba na zarginta. Ita tsufa ta yi, ni ne na ƙi dubawa. Ɗanyen hoton yana nan a faifai, ana iya sake aikin. Sai dai ma'auni yana faɗin inda fata take karkata ne kawai, ba ya faɗin iyakar duhun mutum. Wannan sai wanda ya san shi. Abokin sana'ata Abdulganiyu na Sabuwa ya ara mini monitarsa, mun auna ta sau biyu a gabana. Zan kai ta Mabai, Hajiya ta zauna kusa da ni, ina murzawa tana cewa ƙara ko rage, har ta ce ya isa.

Game da jana'iza, na tuntuɓi Malam Gide limamin unguwarmu, ya ce ba a yi wa inji salla, kuma in daina ɓata masa lokaci. Saboda haka za a goge ta da tsumma mai laushi, a mayar da ita kwalinta, a miƙa ta ga mai gyara a Funtuwa ya cire abin da zai amfani wasu. Ba za a yi zaman makoki ba. Mai son yin ta'aziyya, in yana da hoton Barau na Mabai a wayarsa, ko a gefen wani hoton ne, ya kawo shi a madadin gaisuwa. Wanda kuma Sumayya ta tura wa bidiyon da na yi, don Allah ya goge.

Da farko an sa jana'izar ranar Asabar bayan la'asar. An dawo da ita gobe Juma'a, saboda saƙon da Hajiya ta aiko Sumayya da shi jiya: "Ki ce mashi ya zo da wuri. Na ruhe ido ina neman huskar yaron nan, sai ta cikin wayar ta zo mani."

Za a fitar da gawa ƙarfe bakwai na safe daga ƙofar shago. Motar Mabai ƙarfe takwas take tashi.