Ranar da Na Saki Tumatir ɗin Malam Isuhu

Ba zan taɓa mantawa da satin gwajin da na yi a shantiyen Gidimuni, wato wurin aikin gini, ba. Ko na so in manta ma, mutanen garin ba za su bar ni ba.

Lokacin shekarata biyu da dawowa daga Kwatano, inda na tuƙa injin ɗaga kaya a bakin teku. Shekara biyu ina zaune a Zango, ba aiki sai labari. Duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da ni a fada sai ya ji yadda nake ɗaga kwantena kamar kofin shayi. Matata Rabi tana ɗinki tana riƙe gida, ni ina riƙe tarihi. Da na ji wani kamfani yana gina gada kusa da tafkin Gidimuni, kuma direban injinsu zai ajiye aiki, sai na tafi da sabbin takalma masu ƙarfe a baki (Rabi ce ta saya mini, amma a shantiye cewa na yi da su na dawo daga Kwatano).

Sharaɗin ɗaya ne. In yi sati guda a gaban tsohon direban, Baba Ari, wani dattijo Babarbare marar son magana. Abin da ya faɗa wa shef, wato shugaban aikin, ranar Asabar shi ne hukunci, ko a ɗauke ni ko in koma fada.

Injin tsoho ne, irin mai tafiya a kan sarƙa. Aikin safe shi ne dandaƙe ƙasa: a ɗaga wani ƙaton ƙarfe sama, a sake shi ya faɗo da nauyinsa. Akwai maɓalli na musamman don wannan, muna ce masa shut libir. In yana kashe, ko ka saki hannu da ƙafa kaya suna nan rataye abinsu. In ka kunna shi, da ka mayar da liba, sandar sarrafa igiya, tsakiya igiyar ƙarfen ta zama sakakkiya, babu mai riƙe kayan sai ƙafarka a kan birki.

Ranar farko Baba Ari ya ce mini, "Ɗana, in ka kunna wannan, cire takalmin dama ka aje gabanka. Sai ka kashe shi sannan ka mayar."

Na yi dariya har da buga cinya. "Haba Baba, ai akwai fitila mai nunawa."

"Akwai. Ta mutu tun shekarar da aka haifi autata."

"To ni kaina ne fitilata," in ji ni (har yau in na tuna wannan maganar sai in ji kamar in shige ƙasa). Ya ce, "Madalla," ya koma gindin gawo ya zauna.

Ranar Alhamis tun safe nake sakin ƙarfen nan, ƙasa tana girgiza, masu wucewa lambu suna tsayawa kallo. Ni kuwa har ƙara masa tsayi nake yi don ƙarar ta fi daɗi. Bayan azahar sai ga wani manomi, Malam Isuhu, ya zo wajen shef da roƙo. Ramin da muka haƙa ya tare hanyar lambunsa, motar da za ta kai tumatir ɗinsa Damagaram tana jira a ƙetare, tsintar kwana uku ga ta a kwanduna. Shef ya ce abu mai sauƙi. Aka jera kwandunan a kan faffaɗan katako, aka ɗaure, shef da kansa ya tsaya a ƙetare cikin farar riga yana ba ni alama da hannu.

Na ɗaga, na juya a hankali, kaya suka haye ramin ko tumatir ɗaya bai motsa ba. Mata masu tallar rake suna ta kallo. Na mayar da liba tsakiya, na ɗauke ƙafa daga birki, har na ɗaga musu hannu.

Igiyar ta yi wani kuka, fiiii. Sai tim.

Na leƙa. Shef yana tsaye jajir tun daga hula har takalmi, wani abu yana ɗiga daga haɓarsa. Wallahi kwanyata ba ta ce tumatir ba. Ban san yadda na sauko ba, ban san yadda na tsallake ramin ba, sai jin kaina na yi ina ihu, "Innalillahi! Na kashe shef! Jama'a, na kashe shef!" Na rungume shi na kwantar da shi ƙasa da ƙarfi, na yage masa riga ina neman inda jinin ke fita, ina cewa ya yi kalmar shahada.

"Sake ni, kai! Tumatir ne! Tumatir ne, mahaukaci!"

Sai dariya ta ɓarke a wurin. Wata mai rake har da zama a ƙasa. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Malam Isuhu yana tsugune yana tsintar ƴan waɗanda ba su fashe ba yana sawa a hularsa. Ya ɗago ya ce mini, ba faɗa ba zagi, "Saura kaɗan in shiga ƙarƙashi in tare kwandon da na ga ya karkace. Allah ne ya riƙe ni." Nan na zauna daɓas cikin ruwan tumatir.

Baba Ari ya taso daga gindin gawo, ya hau injin, ya kashe maɓallin da na bari a kunne tun safe. Da ya sauko bai kalli fuskata ba. Takalmana ya kalla, duka biyu a ƙafa, ɗaure tamau.

Kwana biyu ban iya cin abinci ba, ina ta tsara abin da zan gaya wa Rabi. Ranar Asabar Baba Ari ya ce wa shef, a gabana, "Hannunsa yana da kyau. Amma bai taɓa tsayawa a ƙasa ana wucewa da kaya bisa kansa ba. A sa shi ba da alama tukuna."

Haka aka yi. Kamfani ya sasanta da Malam Isuhu, ni kuma duk Lahadi ina lambunsa ina ban ruwa, ba wanda ya sa ni. Wata uku na yi a ƙasa, wuya a sama, duk kayan da suka gitta bisa kaina sai na bi su da ido har su sauka, kafin aka mayar da ni kujera.

Abin da na koya shi ne, in ka ga tsoho yana wata al'ada mai kama da wauta a wurin aiki, riƙe dariyarka, tambaye shi me ya taɓa faɗowa daga hannunsa. Ni sai ranar da zai tafi na tambayi Baba Ari. Ya juya ya kalli tafki.

"Nawa ba tumatir ba ne," ya ce.