Keken Ɗinkin da Na Kai Biki a Cikin Jaka

Ba zan taɓa mantawa ba da bikin Rabi, ɗiyar gwaggona, a Tsafe. Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba, na samu aikin buga tafireta a wani ofis a Gusau, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro boko. Na ci alwashin gudunmawata sai ta fi ta kowa.

Ana saura mako guda sai ga wani mutum a ofishinmu, da kwat da ƙamshin turare. Ya fito da wasu katuna masu ƙyalli, ya ce katin kyauta ne na wani babban kanti a Sabon Gari, nan cikin Gusau. Ka biya rabin kuɗi, wanda ka ba katin ya je ya ɗauki keken ɗinki sabo fil.

"Amma yau ake rufewa, Hajiya," ya ce. "Kuma kada ki je kantin yanzu, kaya na hanya daga Legas."

(Hajiyar nan da ya kira ni ita ta gama da ni. Ko filin jirgi ban taɓa gani ba. Nan take na biya.)

Ranar wuni na miƙe a tsakiyar mata, na ɗaga katin sama na yi bayani. Aka rangaɗa guɗa. Gwaggo har da hawaye.

Washegari ta ɗauki shatar a-kori-kura, ta kwaso ƙawayenta, muka nufi Gusau. Ni ce a gaba kusa da direba, ina nuna hanya.

Mai kantin, wani dattijo, ya karɓi katin ya juya shi, ina faɗa masa inda nake aiki da yadda na saye shi. Sai ya jawo durowa, ga irinsa nan cike.

"Ɗiyata, mu ba mu da wani kati. Jiya ma wani ya zo tun daga Bunguɗu da amalanke. Ofishinku ai kusa yake, mi ya hana ki tako ki tambaya?"

Gwaggo ta dube ni ta ce, "To 'yar boko, a ɗora katin a bayan mota ko ke za ki riƙe?"

Ban yi kuka a nan ba, sai da na isa gida. Da safe na ɗauki katin na bi ofisoshi ɗaya bayan ɗaya ina nuna wa mutane, ana yi mini dariya, ina ci gaba. Wata ma'aikaciya har ta ware kuɗinta tana jiran mutumin, ta mai da su jaka. Keken kuwa sai da na saya wa Rabi, bayan na yi watanni ina zuwa aiki a ƙasa.

Tun daga nan, duk wanda ya ce in biya yau kuma kada in je in gani, sai in ba shi kujera in ce ya jira ni, in ɗauki gyalena. Har yau ban taɓa dawowa na tarar da ko ɗaya a zaune ba.