Ɗakin da Ba Ya Yoyo

"...da gajiya, bawana? Zo ka durƙusa ka gaida uwargijiyarka."

Malama Gajera ke nan a bakin ofishin malamai, ta tare taubashinta Malam Dogo, ɗan gwaggonta. Makaranta ɗaya suke koyarwa, azuzuwansu duk yoyo suke. To sakamakon babbar jarrabawa ya fito, hedimasta kuwa ya ce ajin da makinsa ya fi ɗagawa shi zai shiga sabon ɗaki kafin damina.

"Ko na durƙusa na fi ki tsawo. Matsakaicin makin ajina ya hau."

"Nawa ya fi naka hawa. Ɗaki nawa ne."

"Ke da ba kya kai rabin allo?"

"Kai da yara ba su taɓa ganin fuskarka ba, sai ramin hanci?"

"To nuna min yaro ɗaya da ya ƙaru."

Ta bi sunaye da yatsa a takardar sakamakon ajinta, tana gwada makinsu da na zangon baya. Wannan yana inda yake. Wancan ma. Wani har baya ya ja. Ta fizge takardarsa, nan ma haka.

"Dogo, to me ya hau?"

Ya ce, "Ɗiyar telan nan da aka mayar ajinki?"

"Ita ce ta ɗaya a wurina."

"Ita ce ta ƙarshe a wurina."

Ta dafe ƙirji. "Wato an cire maka ta ƙarshe, naka ya ɗaga. An kawo min ta ɗaya, nawa ya ɗaga. Ba wanda ya koyi komai?"

"Ita dai ta koyi ɗaukar kujera."

"Innalillahi. Har na sa an share ɗakin."

"Ki yi shiru ki shige. Wa ya sani?"

"Kai ka sani, bakinka kuwa ya fi rufina yoyo. Zan gaya wa hedimasta, a ba ajin da rufinsa ya fi lalacewa."

"Nawa ke nan."

Ya shiga ajinsa ya fito da bokitin tarar ruwa.

"Ga tukwici, uwargijiyata. Ki tara ki sha, ko kya ƙara tsawo."

Dariya ta ƙwace mata, ta karɓa. "Ka ci, bawana. Kawo ɗayan bokitin ma."