Ranar da Na Kurkure Baki da Digirin Matata

Ciwon haƙori ya hana ni zama ranar, ina ta safa da marwa tsakanin falo da kicin a gidanmu na Ƙofar Ran. Na buɗe firij, na ga wata gora, na ɗanɗana na ji ruwan gishiri ne. Na ce lallai Hadiza ta san ciwon mijinta. Na kurkure baki da shi tas.

Da ta dawo daga jami'a ta ɗaga gorar.

"Baban Amira, ina ruwan ciki?"

"Na yi magani da shi," na ce, har da murmushi.

"Innalillahi! Daga tafkin gishiri a Yobe na ɗebo shi! Bakteriya ne a ciki, masu hana ƙwayoyin cuta aika wa juna saƙo. Digirina ka tofar a kwata!"

Na bi ta ɗaki ɗaki ina tambayar ko zan mutu. Ban mutu ba, amma ni na tuƙa ta har Yobe, ta sake ɗebo wani ruwan.

Har yau in na yi shiru a majalisa, sai abokaina su ce, "Ku ƙyale shi, ƙwayoyin Hajiya sun ɗauke masa sabis."