Rasuwar Baba Murfi, Gyara na Biyu

Da zuciya mai cike da jimami, ni Bahijja Nagoda, mai kula da ɗakin awo a masana'antar sassan injin ban ruwa da ke Tudun Wada, Zariya, nake sanar da rasuwar Gyara na Biyu, wanda duk ma'aikata suka fi sani da Baba Murfi. Ya cika ranar Talata da hantsi, bayan doguwar jinya.

Ga waɗanda ba su yi zamani da shi ba, marigayin zane ne na murfin injin ban ruwa, yana zaune a cikin kwamfutar na'urar awonmu. Duk murfin da aka gama ƙerawa akan ɗora shi a kan teburin dutse, hannun na'ura ya sauko da allura mai jan dutse a baki, ta riƙa taɓa shi nan da can, sannan a gwada abin da ta samo da siffar Baba. Idan sun dace, allo ya nuna kore. Idan ba su dace ba, ja. Ni na zana shi da hannuna a shekarata ta farko a wurin nan, kuma ina son sa, ba zan ɓoye ba.

Marigayin mai haƙuri ne. Bai taɓa daskarar da kwamfuta ba, ko a ranakun da janareta ke tari. Bai iya kunyata babba a gaban jama'a ba. Muryarsa ɗaya ce, "tit, tit, tit," duk sanda allura ta taɓa ƙarfe, kuma da wannan muryar ya sallami murafan da suka shayar da albasa da tumatir a bakin kogin Galma rani bayan rani.

Ciwon ajalinsa ya faro ne daga wani shago a unguwar Kwangila. Mai shagon, Madam Nkemdilim, wadda ke sayen kusan duk abin da muke ƙerawa, ta shigo da sabon samfurin inji ta dire a gabanmu. An matsar da ramin noti ɗaya, an kuma tayar da wani ɗan tudu a inda da fili ne sumul. Ta ce, "Bahijja, wannan tsohon naku ya gama aiki. Ku yi mini irin wannan, ko in tafi Kano." Dole aka zana Gyara na Uku, aka ɗora shi a tsarin awo a madadin Baba, na bi ɗigogin da allura ke taɓawa ɗaya bayan ɗaya ina nuna musu sabon gida.

Da a nan maganar ta tsaya, da marigayi ya tafi salin alin. Sai dai akwai Malam Kailani, babban mai sassaƙa ƙarfe a wurinmu, wanda tun da yake bai taɓa ganin ja a hannun Baba ba. Ranar farko Gyara na Uku ya ba shi ja a kan sabon ramin. Malam ya cire tabarau ya ce, "Wannan sabon ba shi da tarbiyya. A kira mini tsohon ya raba mu." Na ce tsohon ya kwanta dama. Ashe akwai kwafinsa a filas, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, cikin aljihun Malam. Ina fita cin abinci ya tashe shi.

Baba bai san an yi tudu a filinsa ba. Ya aiko allura da saurin da ya saba. Maimakon "tit" sai aka ji "ƙas," kuma wannan ce kalmarsa ta ƙarshe. An tsinci jan dutsen a ƙarƙashin tebur.

Allura ɗaya ta rage mana a duk masana'antar. Ba a sayar da irinta a Zariya, kuma kayan Madam suna jiran awo kafin manoman rani su fara dasa. Idan ita ma ta karye, Madam ta tafi Kano, mu kuma mu rufe ƙofa. Saboda haka ina roƙon jama'a da babbar murya, kada wanda ya sake tayar da mamacin nan, komai ƙaunar da yake masa.

Ya rasu ya bar magajinsa Gyara na Uku, da ɗigogin awo masu yawa waɗanda magajin ya ɗauki riƙonsu, ban da wasu 'yan marayu da har yanzu ke rataye a iska suna neman tsohon rami. Ya kuma bar 'yan'uwa a warwatse cikin kwamfutocin ofis, daga ciki akwai "Murfi na ƙarshe," da "Murfi na ƙarshe sosai," da "Murfi kar a taɓa." Dukkansu za su raka shi, domin ciwon na gado ne.

Za a yi jana'izarsa ranar Alhamis bayan la'asar a ɗakin awo. A cire takalmi a bakin ƙofa, kuma kada a jingina da teburin dutse. Duk mai filas ya zo da abinsa, Larai ta ofis za ta tsaya a ƙofa tana karɓa. Malam Kailani ya yi alkawarin kawo nasa, ya roƙi alfarma ɗaya, a juya masa Baba a allo sau ɗaya ya ga bayansa da gabansa. An amince.

Daga nan za a danna gogewa, kwamfuta kuma za ta tambaya ko mun tabbata. Ba a yarda Malam ya amsa ba, ni ma da na zana shi ban yarda da yatsana ba. An wakilta Madam Nkemdilim, domin a cikinmu ita kaɗai ce ba ta taɓa son sa ba.