Akwatin Lallen Hajiya Saude

"...Lafiya lau, amarya. Ashe kina nan? Ni da na taho da kwano saboda gumbar sadakar uku."

"Mayar da kwanonka, angon da ba ya cefane. Ranar da za a raba gumbata ba ka da haƙorin taunawa."

Haka Musbahu ya gaida kakarsa Hajiya Saude a safiyar wata Laraba, yana jan katakai daga bayan kekensa yana jibgewa a tsakar gida. Ɗan Mahmuda ne, babban ɗanta. Keken a-daidaita-sahu yake tuƙawa tsakanin Sabo da Ojoo a nan Ibadan, amma ya taɓa yin shekara biyu a shagon kafinta kafin ya gudu, shi ya sa aikin ya faɗo kansa.

Ta amsa masa da baki ne kawai, hankalinta yana kusurwar gida. Mahmuda ya gaji da caɓi da sauro, ya ce za a malale tsakar gidan da siminti daga zaure har bakin rariya. Buhunan siminti suna jingine a zaure, yashi yana ƙofar gida, birkiloli kuma gobe da sassafe za su zo. A kusurwar nan ne ɗan itacen lallenta yake, tsayinsa bai wuce ƙugunta ba. Uwar itacen ta fito ne daga irin da Saude ta ƙullo a bakin zane daga Gumel shekara arba'in da wani abu da suka wuce. Gara ta cinye uwar bara waccan, wannan tsiron kaɗai ya rage. A Gumel kuwa babu sauran wanda za ta aika wa ya kawo mata wani. Lallen kasuwa ba ta sa shi a ƙafarta, ta ce rini ne da garin ganyen da ba a san asalinsa ba. In wannan ya mutu, shi ke nan. Dabarar da ta rage ita ce a haɗa akwatin katako, a cika shi da ƙasa, a mayar da itacen ciki kafin gari ya waye.

Ta taso da ƙyar ta zo kan katakan, warin ya dake ta, ta ja da baya.

"Daga wane juji ka kwaso waɗannan?"

"Juji? Bodin motar shanu ne da ake farfasawa a Akinyele. Katakon da ya yi shekara ashirin yana ɗaukar bijimai, ɗan lallenki ne zai gagare shi?"

"Wato katakon da shanu suka yi wa fitsari tun daga Maiduguri har Ibadan, shi ne kayan ɗakin da ka kawo wa amaryarka."

"Taki ne kyauta, Alhaja. Lallen zai yi ƙiba ya bar ki a bushe."

Ba ta yi dariya ba. Ta bi katakan ɗaya bayan ɗaya tana shinshinawa, don ta san masu mota suna shafa wa katako baƙin mai, shi kuwa baƙin mai ba ya barin tsiro da rai. Ta ware guda biyu da ƙafa ta ce a fitar mata da su. Ya rantse babu komai a jikinsu, ya shinshina shi ma, sai ya ɗauke su shiru ya mayar cikin keke.

Aikin farko cire tsofaffin ƙusoshi ne. Ya zauna a kan bulo yana zaro su da bakin guduma, yana ɗora waɗanda suka lanƙwashe a kan dutse yana miƙarwa. Ita tana kan kujera 'yar tsugunno tana lissafa masa laifinsa: hannunsa ya saba da karɓar canji, ba da aiki ba, gudumar ma ta fi shi nauyi, kafintan da ya koya masa ya huta ranar da ya gudu. Shi kuma ya ce ai saboda ita ya gudu, don duk kujerar da ya yi wa budurwa sai tsohuwa ta aiko a karɓe.

Da ya zo awo, ta ce zurfin ya zama kamu ɗaya da rabi, ta gwada masa daga gwiwar hannunta zuwa yatsa. Ya zaro tef ɗin awo, maimakon katako sai ya ɗora shi a kan kafaɗarta ya sake shi har ƙasa.

"Tsaya daidai. In katako ya ragu sai in yi miki naki gaba ɗaya, irin na bakin titi mai hannun zinariya."

"Ni Musulma ce, yadi biyar ya ishe ni. Ka sa ni a akwati ka gani, in ban taso na mare ka a gaban liman ba."

Ta kai masa duka da mafici, ya kauce. Amma ko tana dukan, idonta yana sama. Gabas ta fara haɗa rai, watan Yuni ne, kuma ba a dasa itace cikin ruwa.

Kafin rana ta take, akwatin ya tashi. Ya yanka katakan da zarto, ya haɗa kusurwa huɗu, ya buga gindi, ya ɗora shi a kan bulo huɗu kusa da ƙofar ɗakinta don kada gara ta hau, kuma don birkiloli su iya ɗagawa gobe. Katakai ne masu kauri, sun haɗu ƙam. Ta zagaya shi sau biyu tana neman abin kushewa ba ta samu ba, sai ta ce ya karkace. Bai karkace ba.

Daga nan ya ɗauko guntun rodi ya cusa a murhunta na gawayi. Da ya yi ja, ya kifa akwatin ya fara huda gindin. Hayaƙi ya tashi, huji ɗaya, biyu, uku.

"Kai, me kake yi wa abin da ka gama?"

"Hanyar ruwa."

"Hanyar ruwa ya tafi ina?"

Ya ce ya fita mana, in ba haka ba saiwa ta ruɓe. Nan fa magana ta tashi. Saude ta girma a inda ake jan guga gaba ashirin, inda yaro ke shan duka in ya zubar da rabin tulu. A garinsu in ka dasa itace, kewaye shi kake yi da ƙasa don ɗan ruwan da ka zuba ya tsaya. Ta toshe tulu, ta toshe bokiti, ta toshe randa, amma ba ta taɓa ganin mai hankali ya huda mazubi da gangan ba. Ta ce uwar lallen nan ta yi shekara arba'in a ƙasa, wa ya huda mata ƙasar? Ya ce ƙasa ai duk huji ce, kuma nan Ibadan ce, ruwa ne ke bin mutum har ɗaki. Ta ce an haife shi jiya a asibiti zai koya mata shuka. Ya yi gunaguni da Yarabanci, ta ce in zagi ne ya koma kan ubansa. Ya cika hujin shida, ya gyara akwatin, aka kira azahar. Ya ce in ya dawo zai zuba tsakuwa a gindi sannan ƙasa, ya ɗauki hularsa ya fita.

Ta zauna tana kallon hujin nan shida. Ta ga ranar da damina za ta wuce, famfo ya ɗauke, ta zuba wa itacen kofi biyu ya zurare ƙasa a banza, ganye ya yanƙwane. Ba ta daɗe tana tunani ba. Ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon zane da curin sabulun salo. Ta yayyaga zanen, ta murɗa kowane tsumma, ta shafe shi da sabulu, ta danna shi cikin huji da kan ƙusa, yadda take yi wa bokiti. Ta bi kusurwoyin ma ta cusa. Sannan ta kwaso tsakuwar da hannunta ta baza a kai, ta je ta yi sallarta.

Musbahu ya dawo ya leƙa, ya ga tsakuwa shimfiɗe. Ya ce yau ga abin mamaki, amarya ta taɓa aiki, lallai sai ya ƙara mata sadaki. Ta ce ya riƙe sadakinsa ya ɗauki shebur.

Ya gauraya ƙasa da yashi da busasshen kashin shanu ya zuba rabi. Sannan ya zo kan itacen. Ta tsaya a kansa har inuwarta tana hana shi gani. Ya haƙa kewaye, nesa da gindi kamar yadda ta ce, yana tura hannu yana lalubar saiwa. Ya kai zurfin gwiwar hannu, ya zura shebur ƙarƙashi ya ɗaga a hankali. Wani abu ya ce ƙas.

Ya ɗago dunƙulen ƙasar, ga ƙarshen babbar saiwar ya gutsure, fari tas, tsawon ɗan yatsa ya rage a rami.

"Kaɗan ne, Kaka," ya ce. Rabon da ya kira ta Kaka tun yana makarantar firamare.

"Sa shi ciki," ta ce.

Ya sa, ya cika ƙasa, ya danna da tafin hannu. Yana cikin dannawa ɗigon farko ya faɗo masa a ƙeya. Suka shige bakin ƙofar ɗakinta, ruwa ya kece.

Da farko ta ji daɗi, dashe yana son ruwa. Amma ruwan Ibadan ba ya san daidai ba. Abin da ke sauka daga kwanon rufi ma rabinsa cikin akwatin yake zuba. Kafin a jima ƙasar ta ɓace, ruwa ya taso har baki yana tumbatsa. Ƙasar da aka danna ta zama kunu, itacen ya fara kwantawa gefe.

Musbahu ya sunkuya daga inda yake yana leƙen ƙarƙashin akwatin. Ko ɗigo ba ya sauka. Ya ce wannan abu da ɗaure kai, huji shida ya yi da hannunsa. Ta ce ai ta faɗa, katakon shanu ba shi da albarka. Ya ce in ruwan nan ya kwana a ciki, da saiwar da ta riga ta ji rauni, to sai dai haƙuri. Ya tuɓe riga ya fita, ya kwanta rigingine a cikin caɓi, ya tura kai ƙarƙashin akwatin da ƙusa a hannu. Ya ɗan jima. Ya fito da wani abu shuɗi mai santsi yana kumfa, ya warware shi, ya ɗaga mata.

"Alhaja, wannan atamfar na san ta."

"Ɓera ne ya ja."

"Ɓerayen Sabo sun fara wanki da sabulun salo?"

"Ni na san rayuwarsu?"

Tana rufe baki itacen ya ƙara kwantawa, har gefen saiwa ya bayyana. Hajiya Saude, wadda ba ta tsallaka rariya sai an riƙe ta, ta fito cikin ruwan nan ba takalmi, ta kama itacen da hannu biyu ta miƙar da shi.

"Saura biyar," ta ce. "Akwai kuma a kusurwa huɗun. Yi sauri."

Ya koma ƙarƙashi. Ya zaro na biyu, ruwan laka ya feso masa a fuska, ya tofar ya ci gaba. Na uku, na huɗu. Ita tana tsaye, ɗankwali ya manne mata a kai, ba ta saki ba. Ya ce ta koma ɗaki kada sanyi ya kama ta Mahmuda ya kashe shi. Ta ce ya yi aikinsa. Ruwan cikin akwatin ya soma ja da baya, ƙasa ta fito, kumfa tana bin rariya. Ya tashi ya kawo guntun katako ya kafa a gefe, ya ɗaure itacen da ɗaya daga cikin tsumman, ya jawo akwatin daga bakin rufi. Sai a lokacin ta saki.

Suka koma bakin ƙofa sun jiƙe sharkaf. Ta tambaye shi ko zai rayu. Ya ce sai an yi mako za a sani, in ganyen sama bai zube ba to ya kama. Ta gyaɗa kai. Ta daɗe tana kallon ruwan da ke zurara daga gindin akwatin, layi shida. Sannan ta jawo wani ƙullin ganye daga bayan ƙofa, ta zaɓo farin goro babba, irin wanda ba ta ba ko limamin unguwa, ta miƙa masa ba ta dube shi ba.

"Gobe kafin birkiloli su zo, ka ƙara huji biyu."

"In ƙara ki toshe?"

Ta dubi lakar da ke fuskarsa har cikin kunne, dariya ta ƙwace mata.

"Sabulun ya ƙare," ta ce.