Wa'azin da na yi a kan taliyar jatan lande

Ko na so in manta da satina na uku a gidan abincin 'yan Tailan ɗin nan na Riyad, abokan aikina ba za su bar ni ba. Lokacin kullum a gajiye nake. Motar kamfani ta kwaso mu daga masaukinmu a unguwar Sulay tun da safe, mu wuni a tsaye ɗauke da farantai. Ranar da mudir, wato manajanmu, ya tara mu yana bayanin sabon littafin abinci, ina jingine da firji ina gyangyaɗi (ni dai na san ina ta cewa "tamam", wato na gane).

Bayan Azahar wani Alhaji ya shigo da matarsa. Ina jin suna Hausa raina ya yi fari. Muka gaisa, suka ce a kawo taliyar jatan lande, wadda ake soyawa da tsamiya da gyaɗa da barkono.

Sai Hajiya ta ɗago kai. "Ɗana, wane wayin ne ya fi shiga da wannan? Fari ko ja?"

Giya? A Saudiyya? A teburina? Nan take na hango iƙamata, takardar izinin zamana, a hannun 'yan sanda, na hango kaina a jirgin Kano da jaka ɗaya.

Na sunkuya, wai raɗa zan yi (ashe har teburi na uku ana ji). "Hajiya, ki ji tsoron Allah. Da girmanki? Ko ba don hukuma ba, ai akwai kwanciyar kabari."

Ban tsaya nan ba, har aya na jawo.

Alhaji ya gyara tabarau, ya buɗe shafin ƙarshe na littafin, ya ɗora yatsa. "Malam, karanta mana nan."

Ruwan inabi ne marar barasa, kala shida, an rubuta halal da manyan baƙaƙe. A gidan abincinmu. Ni na jera kwalaben da hannuna, ina zaton kunun Turawa ne.

Mudir ya iso yana tambayar mene ne mushkila. Na gama saddaƙarwa aikina ya ƙare. Hajiya ta ce masa da Larabci babu komai, shawara muke yi. Sannan ta juyo gare ni.

"Kawo farin, mai ɗan zaƙi, da sanyinsa. Shi ke kwantar da yaji. Jan yana faɗa da tsamiya. Ka riƙe, ya sheikh."

Na kawo farin na zuba mata. Mai wanke-wankenmu, ɗan Maraɗi, ya ji komai, kuma kafin la'asar duk kicin ya ji. Shekara biyu ke nan, ko mai dafa abincin da bai san Hausa ba Sheikh yake kirana.

Yanzu duk abin da aka tambaye ni, sai na karanta har shafin ƙarshe kafin in shiryar da kowa.